Intanship a kamfanin magani ba ya cinye OPT, a daina tsorata yara

Maganar nan ta daɗe tana yawo a gurup-gurup na ɗalibanmu da ke Amurka, musamman masu mastas da PhD a ɓangaren kimiyyar lafiya, wai duk wanda ya je intanship a kamfanin magani ko na bayotek to ya ƙona OPT ɗinsa, wato izinin aiki na wata 12 da ake ba ɗalibin waje bayan ya gama karatu, wasu ma cewa suke za a soke masa biza gaba ɗaya. Har ta kai yaro ya samu gurbin wata uku a irin su Genentech ko Pfizer amma ya ƙi zuwa saboda wani yayan gurup ya ce masa kar ya kuskura. Ba haka dokar ta ce ba.

Abin da ɗalibi mai bizar F-1 yake amfani da shi ya je kamfani tun yana karatu sunansa CPT, kusan irin IT ɗin da ake yi a gida ne, wato aikin dole ya zama ɓangare na karatun, ko dai sharaɗin digiri ne ko kuma kwas ne da ka yi rajista. Sai ka cika shekarar karatu ɗaya kafin ka cancanta, sai fa idan shirin naka na gaba da digiri shi da kansa ya wajabta fita tun farko. Kuma ba USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ke bayarwa ba, jami'in ofishin ɗaliban waje na makarantarku ne, wanda ake ce wa DSO, shi zai shigar a SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗaliban waje, ya buga maka sabuwar I-20, takardar da ke nuna matsayinka na ɗalibi.

To ga wurin da ruɗanin yake. Dokar cewa ta yi idan ka yi CPT na cikakken lokaci, wato sama da awa 20 a sati, har ya kai wata 12 ko fiye a matakin digiri ɗaya, to babu OPT a wannan matakin. Shi ke nan fa. Wata uku na bazara bai kai ba, wata uku sau uku a shekara uku ma tara ne, bai kai ba, kuma ba a cire maka ko kwana ɗaya daga wata 12 na OPT, ba ragi ake yi ba, ko dai ka tsallake layin ka rasa duka ko kana ƙasa da shi komai naka na nan. Na awa 20 ko ƙasa da haka kuwa ba a ma lissafa shi. Ina jin mutane suna haɗa shi ne da OPT ɗin da ake nema kafin a gama karatu, wannan kam ana cirewa daga wata 12 ɗin, shi ya sa masu hankali ba sa taɓa shi in dai CPT zai yi. Sannan labarin jami'ar bogi ta Farmington da hukumar ICE mai kama masu karya dokar shige da fice ta kafa a Michigan a matsayin tarko, wadda aka bankaɗo a 2019 aka kama ɗalibai da yawa, ya bar tsoro a zukata, amma can ba aji ba malami, mutane sun biya kuɗi ne kawai don takardar aiki. Me ya haɗa wannan da mai PhD da ke kwana a lab?

Kuma lissafin yana da muhimmanci don mai digirin kimiyya yana iya ƙara wata 24 a kan 12 ɗin tun 2016, shekara uku ke nan na aiki, in kamfanin yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata. Wanda ya rasa na farkon ya rasa ƙarin.

Abin da ya kamata a ji tsoro ba a ma maganarsa. I-20 ɗin tana ɗauke da sunan kamfani da ranar farawa da ranar gamawa. Ka fara kwana ɗaya kafin ranar, ko ka ƙara sati ɗaya don manaja ya ce ka ƙarasa gwajin, ko ka koma wani kamfani da tsohuwar takarda, duk aiki ne ba izini. Hukuncinsa a rufe maka SEVIS, kwana 60 na haɗa kaya da ake ba wanda ya gama lafiya babu, kuma hanyar roƙon a maido maka da matsayinka a rufe take ga wanda ya yi aiki ba izini. Kar kuma ka ce ai ba biyana suke ba ko daga ɗakina nake yi a kwamfuta, je ka tambayi DSO tukuna.

Makarantu da yawa yanzu suna taimakawa gaskiya, tun da NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ta fito da shirin BEST a 2013, wanda ya tallafa wa cibiyoyi 17 su nuna wa ɗalibai cewa ba kowa ne zai zama farfesa ba. Akwai kwas ɗin intanship da ake rajista, akwai ofishin da ke haɗa ka da kamfani. Sai dai galibi alawus ɗinka na lab zai tsaya kamfani ya ɗauki biyanka, a tambayi maganar inshorar lafiya da kuɗin makaranta tun da wuri, kuma sai sufabaiza ya sa hannu, wanda wani lokacin shawo kansa ya fi takardun wuya.

Waɗanda nake tausayawa masu fosdok ne, wato masu aikin bincike bayan sun gama PhD. Su babu CPT, ba ɗalibai ba ne. Mai bizar J-1 ta bincike abin da aka yarje masa a waje lacca ce jefi-jefi ko ba da shawara na ɗan lokaci, shi ma da rubutaccen izini kafin ya yi. Mai H-1B ta aiki kuwa bizarsa a ɗaure take da jami'ar da ta nema masa. Sai ka ga su biyu a benci ɗaya, Ba'amurken ya tafi Boston wata uku ya dawo da alƙawarin aiki, ɗan'uwanmu da ya fi shi takardun bincike yana nan yana ba ɓeraye abinci, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar kamfani ya san fuskarsa. A ganina wannan ba adalci ba ne, kuma ofishin jami'a ba shi da ikon gyara shi. Shi ya sa mai niyyar shiga kamfani gara ya yi intanship ɗinsa tun yana shekara ta uku ko ta huɗu ta PhD, F-1 tana hannunsa.