Aikin dare, zaman jira da jarabar caca: tambayoyi da amsoshi

Wai me ya haɗa lokutan aiki da caca?

Abin da ya haɗa su shi ne zaman jira. Ɗauki maigadi da ƙarfe uku na dare, ko nas da ta gama zagayen marasa lafiya, ko direban babbar mota mai jiran a yi masa lodi, ko ma'aikacin masana'anta da inji ya tsaya ana jiran makaniki. Dukkansu suna da lokaci a hannu, amma lokacin ba nasu ba ne. Ba damar tafiya gida, ba damar kwanciya, ba kuma damar fara wani abu mai tsawo, don kowane lokaci ana iya kiransu. Cacar waya kuwa kamar don wannan giɓin aka ƙera ta. Minti biyu sun isa mutum ya zuba kuɗi ya ga sakamako, kuma ba ta rufewa. Idan ƙwallon wata nahiya ta tashi, ta wata nahiyar yanzu aka take, ga kuma wasannin kwamfuta da ke juyawa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Gajiya tana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne mutane suka fi rainawa. Wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, ƙwazonsa kan ragu kamar na wanda giyar da ke jininsa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari. A 2011 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun hana mutane barci dare guda, sannan suka ba su wasan zaɓi na kuɗi. Sai aka ga hankalinsu ya karkata ga hangen babbar riba, tsoron asara kuma ya ragu. Wato mutumin da da rana zai ce "a'a, ya isa haka", da asuba bayan dutin dare shi ne mai cewa "bari in ƙara ɗaya in rama". Shi a ganinsa lissafinsa daidai yake, don gajiya ba ta sanar da mutum cewa ta taɓa masa tunani.

To ai mai aikin rana ma yana samun sarari. Me ya bambanta su?

Mai aikin rana yana tashi tare da jama'a, ya huta tare da jama'a. Mai aikin karɓa-karɓa kuwa hutunsa kan faɗo ranar Talata da hantsi, abokai suna wurin aiki, yara suna makaranta, matarsa ko mijinta ba ya gida. Idan jadawalin yana sauyawa kowane mako, ko ƙungiyar motsa jiki ko ajin karatu ba zai iya riƙewa ba. Abin da ya rage masa shi ne nishaɗin da ba ya buƙatar abokin yi. Ga shi babu idon da ke kansa, babu mai cewa "tun ɗazu me kake dannawa?"

Nerilee Hing da Helen Breen, masu bincike a Ostireliya, sun yi nazari kan ma'aikatan gidajen caca, kuma aikin karɓa-karɓa yana cikin abubuwan da suka gano suna tura ma'aikatan ga caca: a tashi aiki cikin dare, jiki bai sauka ba, ko'ina a rufe sai wurin caca. Su dai nasu ya haɗa da ganin ana cin kuɗi a gabansu kullum.

Kenan aikin ne ke mayar da mutum ɗan caca?

A'a. Mafi yawan masu aikin dare ba su da wannan matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin ɗari na manya a duniya ne ke fama da ita. Aikin ƙofa yake buɗewa kawai, ga wanda dama yake da bashi a wuya, ko damuwa, ko kaɗaici. Wanda kuma samunsa ba shi da tabbas, yau akwai aiki gobe babu, ya fi saurin kallon caca a matsayin hanyar cike giɓi.

Yaushe ake cewa abin ya zama cuta?

Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da ta kayan maye. Ta lissafa alamomi 9, wanda ya haɗa 4 cikin wata 12 ana ɗaukarsa mai larura. Ciki akwai komawa don rama asara, da yunƙurin bari ana kasawa, da dogaro ga wasu su biya bashin da caca ta jawo. Akwai ma gajeren gwaji mai tambaya biyu da likitoci ke amfani da shi: ka taɓa jin dole sai ka riƙa ƙara kuɗin da kake zubawa? Ka taɓa yi wa na kusa da kai ƙarya kan yawan cacar da kake yi? "E" ɗaya ta isa a zurfafa bincike.

A wurin aiki alamar kan fito ta wata siga: yawan neman a ba shi wani abu daga albashi tun wata bai ƙare ba, rance wurin abokan aiki, daɗewa a banɗaki da waya, ko rububin karɓar ƙarin duti ba don son aikin ba. Wannan na ƙarshen ya fi muni, don ƙarin dutin yana ƙara gajiya da zaman jiran da suka haddasa abin tun farko.

Me za a iya yi?

Yanke shawara da ƙarfe uku na dare aikin banza ne, sai dai a yanke ta da rana, lokacin da hankali ke a kwance. A goge manhajar, a cire katin banki daga wayar, a shiga aiki da abin da za a yi a lokacin jira tun daga gida. Kamfanonin caca masu lasisi da yawa suna da tsarin da mutum zai sa a toshe shi da kansa. A Birtaniya akwai GAMSTOP, wanda rajista ɗaya ke rufe wa mutum shafukan caca masu lasisi a ƙasar, kuma tun 2020 aka hana caca da katin bashi a can. Ƙungiyar Gamblers Anonymous ta masu taimakon juna wajen barin caca, da aka kafa a 1957, tana yin taruka ta intanet, abin da ya dace da wanda jadawalinsa ba ya zama wuri ɗaya.

Masu ɗaukar ma'aikata ma da nasu: su fitar da jadawali da wuri, su daina jera wa mutum ɗaya darare barkatai, su rage barin ma'aikaci shi kaɗai a duti, su kuma samar da hanyar da zai faɗi matsalarsa a asirce ba tare da fargabar kora ba.