Balan-balan Honan: me ya sa ake danne ido kafin tiyata?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai aikin yanar ido, wataƙila ya ga an kwantar da majinyacin, an rufe masa idon da auduga, an ɗora wani ɗan ƙullin roba baƙi a kai, an ɗaure ta bayan ƙeya. Shi ne likitoci ke kira balan-balan Honan, da sunan Paul Honan, likitan ido ɗan Amurka da ya ƙirƙiro shi.

Allurar kashe zafi ce ta kawo bukatarsa. Ana zuba maganin ne a gefen ƙwayar ido ko bayanta, wani lokaci har mililita 5 zuwa 10. To, gurbin ido ƙashi ne kewaye da shi, ba ya miƙewa. Ruwan da ya shiga sai ya matse ƙwayar, matsin cikinta ya tashi, alhali na lafiyayyen ido bai wuce 10 zuwa 21 ba a ma'aunin milimita na zaiba. Yanka ido yana haka ganganci ne. Da zarar an buɗe, abin da ke ciki zai yunƙuro waje.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne da danniya ake sauke matsin. Ana hura balan-balan ɗin da ɗan famfon hannu irin na awon hawan jini, ana kallon agogonsa har ya kai 30, a bar shi kamar minti 10 zuwa 20. A hankali maganin ke bazuwa cikin naman da ke kewaye, ruwan cikin idon ma ya ragu. Ana cirewa, likita ya taɓa da yatsa ya ji idon ya yi laushi.

Wasu da yatsu suke tausawa, wasu ƙwallon roba suke ɗorawa, a da ma har jakar zaiba. Ni dai na fi natsuwa da mai agogo, domin yatsa bai san ƙarfinsa ba. Danniya in ta yi yawa tana iya tare jinin da ke ciyar da bayan ido, tana kuma iya rage bugun zuciya, shi ya sa ba a barin majinyaci shi kaɗai. Idon da rauni ya fasa ba a ɗora masa ko kaɗan, mai hawan jinin ido kuwa sai likita ya yi nazari tukuna.

Inda ake aikin yanar ido ta ƙaramar kafa da maganin ɗigawa kawai, ba allura, ba a bukatar balan-balan ɗin.