Zubar da ciki da wankin ciki: inda doka ta ja layi

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haihuwa, a Katsina ko a Daura, ya san irin wannan mara lafiya. Cikin dare ake kawo ta a Keke Napep, zani sharkaf da jini, uwar miji na tallafe da ita. Kwana uku ke nan da yin ɓari, ana ta ɗirka mata jiƙo a gida. Ka tambayi abin da ya hana a zo da wuri, sai a yi ƙasa da murya: "Likita, kada a ce ita ta zubar."

Ga abin da doka ta ce. Sashe na 232 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, ko biyan tarar kuɗi, ko duka biyun, ga wanda ya zubar wa mace ciki da gangan. Togaciyar ɗaya ce tak: in an yi ne da kyakkyawar niyya don ceton ran uwar. Cikin fyaɗe bai shiga ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun tsaurara, amma sun san babin larura.

Ɓari kuwa ba laifi ba ne. Wankin ciki bayan ɓari, wato kwashe abin da ya saura a mahaifa kafin ya ruɓe, magani ne kamar kowane magani. Ko da macen wani abu ta sha daga kemis, babu sashen da ya hana likita tsayar mata da jini.

A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da ke nuna wa likita lokacin da ya halatta a raba mace da ciki, kamar in ciwon zuciya ko na ƙoda ko hawan jini mai tsanani na neman ranta. Sai dai "shekara 14" ta fi ƙa'idojin nan saurin shiga kunnen ɗalibi, ni kuma a nan nake ganin ɓarakar. Ɗan koyon likita da ya gama karatu yana tsoron taɓa sirinjin wankin mahaifa, gobe shi za a tura bautar ƙasa asibitin ƙauye, babu babba a kusa. Sirinjin nan ko wutar lantarki ba ya buƙata, aikin kuma 'yan mintoci ne. In hannunsa bai saba ba, takardar tura mara lafiya zai rubuta, a sake neman mota zuwa Katsina, jini na zuba.