Ma'anar "mai amsa aukuwa": yadda manhaja take gane gurbin da aka danna

Duk wanda ya zauna koyon rubuta manhajar kwamfuta mai taga da maɓallai, ko da harshen Visual Basic ya fara ko da C# ko da Python, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kalmar da masu sana'ar suke kira ibent handila. Idan za a faɗe ta da Hausa, "mai amsa aukuwa" ce ta fi kusa da ma'anarta. Aukuwa a nan tana nufin duk abin da ya faru wanda ya kamata manhaja ta san da shi: an danna linzamin kwamfuta (mouse), an taɓa harafi a allon rubutu, an ja gefen taga an faɗaɗa ta, ko kuma lokacin da aka saita ya cika. Mai amsa aukuwa kuwa wani guntun umarni ne da mai rubuta manhaja yake tanada ya ajiye, amma ba shi ne yake kiransa ba. Tsarin da manhajar take gudana a kansa ne yake kiransa duk sa'ad da abin da aka ajiye shi dominsa ya faru.

Wannan shi ne abin da ya bambanta manhaja mai taga da irin wadda ake fara koya, wadda take farawa daga layin farko ta gangara zuwa na ƙarshe ta tsaya. Manhaja mai taga tana kama da mutumin da aka zaunar a zaure domin ya amsa sallama: yawancin lokacinsa a jira yake ƙarewa, kuma ba shi yake zaɓar wanda zai zo ko lokacin zuwansa ba. A Windows, idan aka danna ɓangaren hagu na linzami, tsarin yana jefa saƙo mai suna WM_LBUTTONDOWN a cikin layin jiran manhajar, idan aka saki kuma ya jefa WM_LBUTTONUP, ita kuma manhajar tana da wani zagaye da ba ya tsayawa, wanda yake ɗaukar saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ya miƙa kowanne ga tagar da aka yi shi dominta. Maɓalli ba ya ɗaukar cewa an danna shi sai an danna kuma an saki a kansa, shi ya sa mutumin da ya danna bisa kuskure yake iya janye linzami gefe kafin ya ɗaga yatsa, babu abin da zai faru. Daga nan kuma ake gane dalilin da ya sa ba a so mai amsa aukuwa ya riƙe aiki mai tsawo: muddin bai gama ba, sauran saƙonni suna nan a layi, kuma idan aka kai kimanin daƙiƙa 5 a haka, Windows tana ɗaukar cewa tagar ta daskare.

Idan maɓalli ɗaya ne, babu wata wahala. A Visual Studio, manhajar Microsoft da ake rubuta manhajoji a cikinta, danna shi sau biyu kawai za ka yi a wurin zane, sai a buɗe maka gurbin da za ka rubuta abin da kake so ya faru. Inda kalmar take nuna ainihin nauyinta shi ne lokacin da maɓallan suka zama jere a kwance da tsaye, kamar allon dara mai layi 5 da gurbi 6 a kowane layi, wato gurabe 30, ko kamar wasan Minesweeper da Microsoft ta sa a cikin Windows 3.1 a 1992, wanda matakinsa na tsakiya yake da gurabe 256, na ƙwararru kuma 30 sau 16, wato 480. Sabon ɗalibi yakan ja maɓallai 30 ɗaya bayan ɗaya ya jera su da hannu, ya rubuta wa kowanne mai amsarsa, kuma abin yakan yi aiki har ranar da aka ce ya canza wata doka guda, sai ya ga wuri 30 zai gyara, idan ya manta da ɗaya kuma sai gurbin nan ya dinga yin abin da ya saɓa wa 'yan'uwansa. Allon 480 kuwa ba a ma maganarsa.

Hanyar da masu sana'ar suke bi ita ce a bar kwamfuta ta ƙera maɓallan da kanta. Ana rubuta zagaye biyu, ɗaya a cikin ɗaya, na waje yana bin layuka, na ciki yana bin guraben kowane layi, kuma a kowane juyi a ƙirƙiri maɓalli, a ajiye shi a mazauninsa, a ɗaura masa mai amsa aukuwa guda ɗaya tak wanda dukkansu za su yi tarayya a kansa. Jerawar ba abin damuwa ba ce, domin kowane tsari yana da abin da yake yin ta: GridLayout a Swing na Java, TableLayoutPanel a Windows Forms da UniformGrid a WPF (tsare-tsaren Microsoft biyu na ƙera taga), da umarnin grid a Tkinter na Python. Tambayar da ta rage ita ce wadda mai zaure yake yi kafin ya buɗe ƙofa: wa ke sallama? Tunda mai amsa ɗaya ne, dole a samu hanyar da zai san wane gurbi ne ya kira shi.

Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998, ya sauƙaƙa wannan ƙwarai. Ana ba maɓallai da yawa suna ɗaya, kowanne da lambarsa, idan an danna ɗaya sai a miƙa wa mai amsa lambar a ƙarƙashin sunan Index. Da aka koma Visual Basic .NET a 2002 an cire wannan tsari, kuma tsofaffin masu amfani da harshen sun daɗe suna kewarsa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne sender, wato mai aikowa: kowane mai amsa aukuwa a .NET yana karɓar abu biyu, na farko shi ne ainihin maɓallin da aka danna, na biyu kuma bayanan aukuwar. A Swing, getSource ne yake wannan aiki. Sai dai sanin maɓallin bai zama sanin mazauninsa ba, shi ya sa lokacin ƙera shi ake rataya masa layinsa da gurbinsa a wata 'yar ma'ajiya da ake kira Tag, wadda aka tanada domin mai rubutu ya sa duk abin da ya ga dama. Wasu kuma lamba ɗaya suke ajiyewa, su ciro sauran da lissafi. A allon dara, idan aka ce gurbi na 17 aka danna, sai a raba 17 da 6, a samu 2 da ragowar 5, wato layi na 2 gurbi na 5. Da yake kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, a idon ɗan wasa wannan shi ne gurbin ƙarshe na layi na uku. Akwai masu sa wa maɓalli suna mai ɗauke da lambobin sannan su yanka sunan su ciro su, amma a ganina wannan dabara ce mai rauni, domin wadda aka rubuta ta da tunanin lamba mai harafi guda takan lalace da zarar lambar layi ta kai 10.

Akwai wani tarko da kusan kowa yake faɗawa sau ɗaya, ni ma ban tsira ba. Na taɓa ƙera allon dara da Tkinter, inda a cikin zagayen na ba kowane maɓalli ɗan ƙaramin umarni marar suna da ake kira lambda, wanda zai kira mai amsa da r da c, wato layi da gurbi. Allon ya fito tsaf, gurabe 30 a jere. Na danna na farko a kusurwar sama ta hagu, sai dutse ya bayyana can ƙasa a kusurwar dama. Na danna na tsakiya, nan ma dai kusurwar ƙasa ce ta amsa. Babu saƙon kuskure, babu komai, kowane gurbi dai yana cewa shi ne layi na 4 gurbi na 5. Dalili shi ne, lambda ba ƙimar r da c take ɗauka a lokacin da aka ƙera ta ba, sunayensu take riƙewa, sai ranar da aka danna sannan ta je ta duba abin da yake cikinsu, a lokacin kuwa zagayen ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage a ciki shi ne ƙimar ƙarshe. Kamar a ce an ba mutum 30 umarni su je su karanta abin da aka rubuta a allo guda, alhali ana gogewa ana sake rubutu, su kuma ba su je ba sai bayan an tashi. Maganin ɗan ƙarami ne: a rubuta lambda r=r, c=c domin kowane maɓalli ya kwafi tasa ƙimar nan take. A C# tarkon ya fi muni idan da zagayen for, mai ƙirga lamba, aka yi, domin lambar takan ƙare ne taki ɗaya bayan iyakar allon, sai manhajar ta nemi layi na 5 wanda babu shi ta faɗi. A 2012, da fitowar C# 5, an gyara wannan hali a zagayen foreach, mai bin abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya, amma an bar for yadda yake, don haka har yanzu sai an kwafi lambar cikin sabuwar ma'ajiya a cikin zagayen.

Ya kamata kuma a san cewa dannawa ba iri ɗaya ba ce. Aukuwar Click ta maɓallin Windows Forms tana tashi idan an danna da hagu, ko an taɓa dogon maɓallin tazara alhali shi aka zaɓa, amma ba ta tashi idan an danna da dama, saboda haka mai son dasa tuta irin ta Minesweeper, wadda ake sa wa gurbi da dannawar dama, sai ya saurari MouseDown ko MouseUp ya duba wane ɓangare aka taɓa. WPF, wanda ya zo a 2006, ya kawo wani sauƙi: aukuwa tana tasowa daga maɓalli ta hau zuwa abin da yake ɗauke da shi, don haka ana iya ɗaura mai amsa sau ɗaya a kan allon gaba ɗaya ba tare da an bi gurabe ɗaya bayan ɗaya ba.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne raba halin wasa da kamannin maɓalli. Mutum yakan so ya gane ko gurbi yana da dutse ta hanyar duba launinsa ko rubutun da ke kansa, sai ranar da aka sauya launi ko aka fassara rubutun zuwa wani harshe dokokin wasan su rikice. Daidai shi ne a ajiye halin allon a wani jeri na daban mai layi 5 da gurbi 6, aikin mai amsa ya tsaya ga gane gurbin, sanar da ɓangaren da yake riƙe da dokoki, sannan a sabunta abin da ido yake gani.

Hanyar maɓalli ɗaya ga kowane gurbi ma tana da iyaka. A Windows Forms kowane maɓalli ƙaramar taga ce mai rajista a wurin tsarin, kuma a bisa saitin asali Windows ba ta ba manhaja ɗaya damar riƙe irin waɗannan abubuwa fiye da 10,000, ga shi kuma tun kafin a kai can tagar takan yi nauyin buɗewa. Allo mai 100 sau 100 ya riga ya ci wannan iyaka. A nan sai a bar maɓallai, a zana dukan allon a kan fili ɗaya, mai amsa kuma ya karɓi wurin da linzami ya sauka ya yi lissafi. Idan faɗi da tsawon kowane gurbi ɗigon fuskar kwamfuta (pixel) 40 ne, aka danna a ɗigo na 215 daga hagu da na 98 daga sama, raba kowanne da 40 tare da yar da ragowa zai ba da gurbi na 5 a layi na 2. Sai dai wanda ya zaɓi wannan hanya ya rasa abubuwan da maɓalli yake bayarwa kyauta, kamar yawo tsakanin gurabe da allon rubutu da kuma sanar da manhajar da take karanta wa makafi abin da ke kan fuskar kwamfuta, waɗannan duka shi ne zai zauna ya rubuta su da hannunsa.