Yoyon Ruwan Sanyaya Inji a Mota

Yoyon ruwan sanyaya inji shi ne fitar ruwan da ke zagayawa cikin injin mota daga hanyar da aka tsara masa, ko dai ya zubo waje a gan shi a ƙasa, ko kuma ya sulale ta ciki ya gauraya da baƙin mai ko ya ƙone tare da fetur. Yana cikin manyan dalilan da ke sa mota ta ɗauki zafi. Abin da ya sa ba a wasa da shi shi ne ɓarnar da yake jawowa takan ninka kuɗin gyaransa sau da yawa, domin tiyon roba da ya tsage ba ya da wuyar canzawa, amma idan aka ci gaba da tafiya har ruwan ya ƙare, kan injin, wanda kanikawa ke kira tof silinda, yana iya lanƙwashewa, fistin kuma ya kame a cikin silinda.

Yadda ruwan yake aiki

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da mai ke bayarwa idan ya ƙone a cikin inji, wannan ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa a yawancin motoci, yana tura ruwan cikin ramukan da aka bari a jikin bulok da tof silinda, daga nan ya bi babban tiyon sama zuwa lagireto, inda iska ke sanyaya shi, sannan ya dawo ta tiyon ƙasa. A tsakani akwai tamostat, wanda ke rufe matuƙar injin bai yi ɗumi ba, sai zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyos, gwargwadon irin motar, sannan ya buɗe. Wani ƙaramin reshe kuma yana ratsawa cikin mota zuwa ɗan lagireton hita da ke ɓoye a bayan dashbod.

Abin da ake zubawa ba ruwa ne zalla ba. Haɗi ne na ruwa da sinadarin etilin gilaikol, galibi rabi da rabi, tare da wasu sinadarai masu hana tsatsa. Irin wannan haɗi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma ba ya tafasa sai ya haura digiri 106. Sai dai abin da ya fi riƙe ruwan daga tafasa shi ne matsi. Murfin lagireto ba marufi ne kawai ba. Yana da sifirin da ke tsare matsi na kimanin 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi na "bar" a yawancin ƙananan motoci, kuma a ƙarƙashin wannan matsi ruwan kan kai wajen digiri 125 bai tafasa ba. Idan matsin ya wuce iyaka, murfin yakan saki rarar ruwan zuwa tankin roba da ke gefe, idan inji ya huce kuma ya tsotso shi ya dawo.

Duk wanda ya fahimci batun matsin nan ya fahimci rabin matsalar. Shi ya sa tsagar da ba ta fi sili ɗaya na gashi ba take feso ruwa idan inji ya yi zafi, amma da safe a duba a ga wurin a bushe ƙayau. Shi ne kuma ya sa ƙaramin yoyo ke jawo babba, domin da zarar matsi ya zube, ruwan da ya rage sai ya fara tafasa da wuri.

Alamomi

Alamar farko yawanci ita ce raguwar ruwa a tankin roba, ya sauko ƙasa da layin da aka yi masa. Tunda hanyar ruwan a rufe take, motar da ake ƙara wa ruwa duk mako ko duk wata tana da inda take zubarwa, ko da ba a ga ɗigo ba. Sauran alamomin sun haɗa da hawan allurar ma'aunin zafi, da tururi daga ƙarƙashin bonet, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan an kashe mota, da kuma hita da ke hura iska mai sanyi saboda ruwan bai kai gare ta ba.

Ba duk ruwan da aka gani a ƙarƙashin mota ne na sanyaya inji ba. Wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wato AC ɗin mota, garau yake, ba launi ba wari, kuma ba matsala ba ne. Baƙin mai yana da duhu da kauri, man giyar otomatik kuma galibi ja ne mai maiƙo. Ruwan sanyaya inji yana da launin rinin da aka sa masa, kore ko ruwan lemo ko ruwan hoda ko shuɗi, yana da ɗan santsi idan aka murza shi tsakanin yatsu, idan ya bushe kuma yakan bar wani fari-farin ɓawo mai kama da gishiri. Wannan ɓawo shi ne shaidar da gwanin bakanike ya fi nema, domin ruwan na iya ƙafewa a kan ƙarfe mai zafi kafin ya kai ƙasa, amma sawunsa ba ya ɓacewa.

Wuraren da ake samun yoyo

Tiyo ne ya fi yawan kawo matsala, musamman daidai bakinsa inda kilif ya matse shi. Roba tana tsufa da zafi, wani lokaci ta bushe ta tsattsage, wani lokaci ta yi laushi ta kumbura, musamman idan baƙin mai yana ɗiga a kanta. Lagireton motocin zamani na alminiyum ne da tankunan roba a gefe ko a sama da ƙasa, kuma yakan fara zuba ne ta inda aka lanƙwasa alminiyum ya riƙe robar, ko ta wuyan da tiyon sama ke shiga, domin a nan ruwa mafi zafi ke dukansa kullum.

Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a ƙasansa da aka bari da gangan, domin idan silin ciki, wato abin da ke hana ruwa tsiyayowa, ya fara lalacewa ruwa ya fito ta nan ya ba da sanarwa. Ɗan busasshen tabo a bakin ramin ba lallai ne ya zama abin damuwa ba, amma ɗiga mai ɗorewa, ko ƙara, ko girgizar fulin da bel ke juyawa idan an kama shi da hannu, duk suna nuna famfon ya gama aiki. Akwai kuma mazaunin tamostat, wanda a motoci da dama na roba ne, da tankin roba kansa, da wasu fayafayan ƙarfe da aka toshe ramukan bulok da su tun a masana'anta, waɗanda tsatsa kan huda ta ciki. Idan lagireton hita ne ya fashe, kafet ɗin gaba yakan jiƙe, gilashin gaba kuma ya riƙa yin hazo mai maiƙo wanda ba ya gogewa da kyau. Murfin lagireto, duk da ƙanƙantarsa, shi ya kamata a fara zargi idan ruwa na ambaliya daga tankin roba alhali ba a ga fashewa ko'ina ba.

Yoyon cikin inji

Wannan shi ne mafi muni, domin ba ya barin komai a ƙasa. Tsakanin bulok da tof silinda akwai gasket da ke raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba, wato wutar silinda, da ruwa, da baƙin mai. Idan gasket ɗin ya ƙone, ko tof silinda ya tsage, alamar ta danganta da inda aka samu ɓarakar. In ruwa ne ke shiga silinda, salansa za ta riƙa fitar da farin hayaƙi mai kauri da ƙamshin zaƙi ko bayan inji ya yi zafi, injin yakan yi rawa da an tayar da shi da safe, fulogin wannan silinda kuma a same shi fes kamar an wanke, saɓanin 'yan uwansa. In ruwa ya shiga baƙin mai, man yakan koma ruwan madara mai kauri. In kuwa iskar ƙuna ce ke kutsawa cikin ruwa, za a ga kumfa na tasowa babu ƙaƙƙautawa a wuyan lagireto, tiyon sama kuma ya ƙame tun injin bai yi ɗumi ba.

A nan akwai wurin kuskure. Farin tururi daga salansa a safiya mai sanyi, wanda ke ɓacewa cikin mintuna kaɗan, raɓa ce kawai. Haka nan ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin baƙin mai yana iya zama danshi ne a motar da ba ta yin doguwar tafiya. An sha sauke tof silinda a banza saboda dogaro da alama guda, don haka ba a yanke hukunci sai da gwaji. A motoci masu giyar otomatik da yawa, akwai bututun sanyaya man giya a cikin tankin lagireto. Idan ya huje, man giya da ruwa su gauraya, kuma giyar ce ta fi cutuwa.

Hanyoyin ganowa

Ana farawa ne da inji mai sanyi, da tocila, da ɗan madubi don leƙa wuraren da ido ba ya kaiwa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai yana nuna ɓangaren da ɗigon ke sauka, sai dai ruwa yana bin jikin ƙarfe ya gangara, iskar fanka kuma tana watsa shi, saboda haka ana bin sawun ne zuwa sama har a kai wuri mafi tsayi da ya jiƙe.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na matsi. Ana ɗaura famfon hannu mai ma'auni a madadin murfin, a buga iska har ta kai adadin da aka rubuta a kan murfin ba tare da an wuce ba, sannan a zuba wa allurar ido na minti 15 zuwa 20. Idan ta sauka, akwai yoyo, kuma sau da yawa a lokacin ne za a ga ɗigo ya tsatso daga bakin wani kilif da ake ganin lafiyarsa ƙalau. Idan ta sauka amma waje a bushe, zargi ya koma cikin inji ko hita. Da wannan na'ura ake gwada murfin shi ma. Yoyon da ya yi ƙanƙanta ƙwarai ana kama shi da wani rini da ake zubawa a ruwan, a yi tafiya da motar kwana ɗaya ko biyu, sannan a haska da fitilar ultrabayolet, wurin ya yi ƙyalli.

Don tabbatar da matsalar gasket, ana ɗora wani bututu mai ɗauke da shuɗin ruwan gwaji a wuyan lagireto alhali inji na aiki, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi. Idan akwai iskar ƙuna, shuɗin yakan juye zuwa ruwan ɗorawa a injin fetur. Auna matsin kowace silinda kuma yana nuna wadda abin ya shafa.

Gyara

Tiyon da ya tsage ana canza shi ne tare da kilif ɗinsa, bayan an kankare dattin da ke bakin bututun da zai shiga. Tsohon lagireto na tagulla yana karɓar liƙi da dalma, amma na alminiyum da roba canza shi ya fi, domin gam ba ya daɗewa a kan robar da zafi ya riga ya cinye. A injunan da bel ɗin taimin, wato bel mai daidaita lokacin motsin sassan inji, ke juya famfon ruwa, hikima ita ce a canza su tare, tunda aikin kwancewar ɗaya ne, kuma famfon da ya kame yana iya tsinka bel ɗin.

Canza gasket ɗin tof silinda babban aiki ne. Dole a auna fuskar tof ɗin a ga ko ta lanƙwashe, a kai a goge ta da inji idan ta kauce, a kuma gwada ko akwai tsaga. Ana ɗaure kusoshin da sifana mai ma'auni, bisa jerin da masana'anta ta bayar, wanda galibi ke farawa daga tsakiya zuwa gefe, kuma a injuna da yawa kusoshin ba sa maimaituwa domin suna miƙewa a ɗaurin farko. Sabon gasket ba zai daɗe ba idan ba a gano abin da ya sa injin ya ɗauki zafi tun farko ba.

Magungunan toshe yoyo da ake zubawa a lagireto suna iya tsayar da ƙaramar ɓula na ɗan lokaci, amma ba su san bambancin ɓula da siraran bututun hita ba, kuma suna iya toshe su. Cire tamostat gaba ɗaya, wanda wasu ke yi da sunan maganin zafi, ba ya toshe yoyo. Abin da yake yi shi ne hana injin kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai shan mai ya ƙaru. Ruwa zalla yana fitar da mutum daga halin gaggawa, amma idan aka bar shi, tsatsa da gishirin da ke cikinsa su ne za su haifar da yoyo na gaba. Launi kuma ba ya isa a gane irin ruwan da ya dace: tsohon nau'in kore mai sinadarin silikat akan canza shi duk bayan shekara 2, nau'in da ke aiki da asid na halitta, irin Dex-Cool na kamfanin General Motors, yakan kai shekara 5, amma kamfanoni suna rina nasu yadda suka ga dama, don haka littafin motar ne abin bi.

Bayan kowane gyara sai an fitar da iskar da ta maƙale, ta hanyar buɗe kusar fitar da iska idan motar na da ita, a kunna hita zuwa ƙarshe, a bar inji ya yi aiki har tamostat ya buɗe fanka ta tashi, sannan a sake duba ruwan bayan ya huce. Iskar da aka bari takan sa allura ta riƙa hawa da sauka, har a zaci gyaran bai yi ba.

Kiyaye lafiya

Idan allura ta hau a kan hanya, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna hita don ta janye wani zafin, a nemi wurin tsayawa a kashe inji. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, domin da matsi ya sauka ruwan zai tafasa nan take ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Ana jira aƙalla minti 30, a rufa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali. Ba a kuma kwarara ruwan sanyi cikin inji mai tsananin zafi, saboda ƙarfen na iya tsagewa, kuma fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko da an kashe mota.

Etilin gilaikol guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa yana jan yara da dabbobi, shi ya sa masana'antu da yawa ke sa masa sinadari mai ɗaci. Wanda ya zube a share shi nan da nan, wanda aka tsiyaye kuma a tara shi a jarka mai murfi da alama, a kai inda ake karɓar tsohon man inji maimakon a zuba a kwata ko a ƙasa. Duk wanda ya sha, ko kaɗan ne, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran alama ta bayyana ba.