Fentin ƙananan tankokin yaƙi na roba

Fentin ƙananan tankokin yaƙi shi ne matakin ƙarshe a aikin haɗa samfurin tanka na roba, inda ake yi masa launi, a manna masa tambari da lambobi, sannan a sa masa alamun tsufa irin su ƙura, tsatsa da ƙujewar fenti, har ya yi kama da ta gaske. Samfurin yana zuwa ne a kwali, gutsi-gutsi, mai shi ya yanke ya haɗa da gam. Masu wannan sha'awa ba su da yawa a zangunan Accra da Kumasi, kuma galibin kayan aikin daga waje ake yin odarsu ko a ba ɗan'uwa matafiyi sautu.

Ma'auni da asali

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/35, wato an rage tankar sau 35. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a ƙasar Japan ne ya yaɗa shi tun daga 1961, da samfurin tankar Panther ta Jamus. A wannan ma'auni, Sherman ta Amurka mai tsawon kusan mita 6 takan dawo kimanin santimita 17. Akwai kuma 1/48 da 1/72, da 1/76 na kamfanin Airfix na Ingila. Sun fi araha, amma ƙanƙantarsu tana wahalar da hannun da bai saba ba.

Launi

Ba a zaɓen launi da son rai, kowace runduna da nata. A Yaƙin Duniya na Biyu tankokin Jamus toka-toka ne mai duhu, sai a Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, wanda sojoji kan yi wa zanen kore da ja-ƙasa a fagen fama. Amurka ta yi amfani da kore mai ruwan zaitun, Tarayyar Sobiyet kuma ta shafa wa T-34 wani kore da ake kira 4BO. Don haka ake ba sabon shiga shawarar ya fara da Sherman ko T-34, tunda launi ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Fenti iri uku ne. Akirilik, kamar na Vallejo na Sifen, ana tsinka shi da ruwa, ba shi da wari sosai, kuma yana saurin bushewa. Enamel, kamar na Humbrol, yakan kwana bai gama bushewa ba. Na uku shi ne mai ƙarfin wari da ake fesawa, wanda ba ya yiwuwa a ɗakin da babu iska. Ga mai zama a gidan haya na zango, ɗaki ɗaya da yara, akirilik ne mafita.

Shafa fenti

Ana fara wanke robar da ruwan sabulu don cire maiƙo, a goge layin haɗi da samfefa mai laushi, sannan a yi fentin shimfiɗa, wanda yake manne wa roba kuma yake tona duk wani rami ko tabon gam. A nan ne yawancin sababbin shiga suke ɓata aiki, domin sukan ɗebo fenti da kauri su so ya rufe a shafa ɗaya. Kaurin yana cike kawunan ƙusoshi da layin walda da aka zana a jikin robar, tankar ta fito kamar an tsoma ta a kunu. Daidai shi ne a tsinka fentin, a shafa sau biyu ko uku, a bar kowace shafa ta bushe. Shafar farko takan fito da dabbare-dabbare, kuma haka ya kamata ta fito.

Yanayin Ghana yana da tasiri a wannan mataki. Danshin Accra, musamman da damina, yana sa fentin feshi marar sheƙi ya yi fari-fari a jikin samfurin. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke sauka kan ɗanyen fenti, shi ya sa ake kifa masa roba ko kwali har ya bushe. Wani tarkon shi ne tina, wato ruwan tsinka fenti, ta masu fentin mota, irin wadda ake samu a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi. Tana da araha, amma ƙarfinta yana cin robar samfuri, haka ma ruwan goge jan farce.

Tambari da tsufarwa

Kafin manna tambari ana shafa fenti marar launi mai sheƙi, don kada iska ta maƙale ƙarƙashinsa ya riƙa ƙyalli. Ana jiƙa takardar tambarin a ruwa, a zamar da shi wurinsa, a danne da audugar kunne.

Daga nan sai tsufarwa. Ana tsinka fenti mai duhu ya zama ruwa-ruwa, a ɗiga shi da bakin buroshi a gindin ƙusoshi da lungunan ƙofofi, shi da kansa zai bi ramin ya fito da shi. Akwai kuma busasshen buroshi, dabarar da François Verlinden ɗan Beljiyom ya yi fice da ita: a goge fenti mai haske a tsumma har buroshin ya kusa bushewa, sannan a shafi gefuna. Ƙujewar fenti ana yin ta da guntun soso, ƙyallin ƙarfen sarƙar ƙafa kuma da bakin fensir. Ƙura ana samun ta daga garin alli mai launi. Jar ƙasar Kumasi da aka tankaɗe tana yin laka mai kyau idan an kwaɓa ta da farin gam, sai dai ba ta dace da tankar da ta yi yaƙi a dusar ƙanƙarar Rasha ba.

Tsatsa ita ce abin da aka fi wuce gona da iri a kai. Tankar da ke bakin aiki tana da ƙura da laka da maiƙon mai, amma tsatsarta kaɗan ce, yawanci a bututun hayaƙi da sarƙa. Mai son ganin yadda rana da ruwa suke cin fentin soja zai iya zuwa gidan tarihin sojojin Ghana da ke tsohon sansanin soja na Kumasi, wanda Turawan Ingila suka gina a 1897, inda aka ajiye tsofaffin motoci masu sulke da igwa. Sai dai waɗannan sun daɗe a ajiye, tsufansu ya fi na motar da ake hawa kullum.