Neman asalin Bajamushen da ya sauka Pennsylvania a ƙarni na 18: tambayoyi da amsoshi

Amurkawa da yawa sun san kakan kakansu daga ƙasar Jamusawa ya fito, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan ƙauyensa. Ƙauyen nan kuwa shi ne mabuɗin aikin, domin a cocinsa aka rubuta haihuwar mutum da aurensa.

Su wa ake nufi da Jamusawan farko?

Ayarin farko da aka sani iyalai 13 ne daga garin Krefeld, waɗanda jirgin Concord ya sauke a Philadelphia a Oktoban 1683, suka kafa Germantown. A 1709 dubban mutane daga kwarin kogin Rhine suka kwarara Landan, aka tura wajen 3,000 daga cikinsu New York a 1710 ƙarƙashin Gwamna Robert Hunter don su haɗa kwaltar jiragen ruwa. Tururuwar gaske ta zo ne tsakanin 1727 da 1775, ta fi ƙarfi daga 1749 zuwa 1754. A bi Rhine zuwa Rotterdam, a tsaya a wata tashar Ingila, galibi Cowes, sannan a ketare teku.

A lokacin babu wata ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai a 1871 aka haɗa ta. Turawan Ingila kan kira duk mai jin Jamusanci Palatine, wato mutumin yankin Palatinate da ke bakin Rhine, ko da daga Württemberg, Hesse, Alsace ko Suwizalan ya fito. Ganin wannan kalma a takarda ba ta nuna yankinsa.

Daga ina ake farawa?

Daga kanka, kana komawa baya, uba bayan uba, kowane mataki da takardarsa. Ƙidayar Amurka ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowa a gida. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kawai ake sawa, sauran a ƙirga su. Idan ka wuce nan, sai wasiyya da rabon gado, rajistar haraji, littattafan coci da takardun fili. A Pennsylvania fili na da takarda uku a jere: izinin mallaka, awo, sannan shaidar mallaka ta ƙarshe, kuma suna ma'ajiyar tarihin jiha a Harrisburg. Taswirar awo kan nuna sunayen maƙwabta ta kowane ɓangare. A kwafe su, za su yi amfani nan gaba.

A lura da iyakokin gundumomi. An yanke Lancaster daga Chester a 1729, York ta fito a 1749, Berks a 1752. Mutum na zaune a gonarsa bai gusa ba, amma takardunsa na kotuna uku.

Jerin fasinjojin jirgi ba zai faɗi inda ya fito ba?

Da wuya ƙwarai. Daga 1727 hukumar Pennsylvania ta wajabta wa kyaftin ya miƙa sunayen baƙin da ya ɗauko, kuma duk namiji mai shekara 16 zuwa sama ya yi rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. Shi ya sa jirgi ɗaya kan samu jeri har uku: na kyaftin, da biyu na rantsuwa. Wasu marubuta biyu, Strassburger da Hinke, sun buga su a littafi a 1934, har da hoton sa hannun mutanen.

Jerin kyaftin shi ne mafi rauni, don wani Baturen Ingila ne ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Na rantsuwa ya fi, saboda mutumin da hannunsa ya rubuta sunansa, ko ya yi alama idan bai iya rubutu ba. Wannan sa hannun ake kwatantawa da wanda ke kan wasiyyarsa bayan shekara talatin, a gane ko shi ne ko takwaransa. Mata da yara sau da yawa ba a rubuta su. Wanda ya sauka yana jinya ma kan rasa wurin rantsuwa. A kuma duba sunayen da ke sama da ƙasa da nasa, domin 'yan ƙauye ɗaya tare suke shiga layi.

Me ya sa sunan mutum ɗaya ke fitowa iri-iri?

Dalili biyu ne. Na farko, sunan gida ya sauya a bakin masu Turanci. Wani an fassara shi, Zimmermann ya koma Carpenter, Fuchs ya koma Fox. Wani an rubuta shi yadda ake ji, Schneider ya zama Snyder. Hans Nikolaus Eisenhauer da ya sauka Philadelphia a 1741, zuri'arsa ce ta zama Eisenhower, gidan da ya fitar da shugaban Amurka. Harufan B da P, D da T, G da K suna musanya, don haka a nemi kowane suna ta fuskoki da dama. Labarin da ake yawan ji cewa a tsibirin Ellis, tashar karɓar baƙi ta New York, aka canza sunan ba ya aiki a nan, sai 1892 aka buɗe wurin.

Na biyu, sunan yanka. Gida ɗaya na iya samun Johann Georg, Johann Jacob da Johann Peter, duk 'yan'uwa, kuma da suna na biyu ake kiran kowa, kamar yadda Muhammadu Sani da Muhammadu Bello suke Sani da Bello a gida. Wanda ya ɗauki kowane Johann a matsayin mutum ɗaya zai haɗe 'yan'uwa uku wuri guda. Mata kuma ana ƙara musu -in a ƙarshen sunan gida, matar Müller ta zama Müllerin.

To, ta yaya ake gano ƙauyen?

A nan ake daɗewa. A Amurka ake fara nema. Fastocin Lutheran da na Reformed, ɗarikun Furotesta biyu, wani lokaci kan rubuta garin haihuwar mamaci a littafin jana'iza, ko garin ango a littafin aure. Akwai takardar baftisma mai zanen furanni da iyalai ke ajiyewa cikin Littafi Mai Tsarki na gida, akwai dutsen kabari, akwai tallan jaridun Jamusanci na Philadelphia da Germantown, inda sabon zuwa ke neman ɗan'uwansa yana faɗin ƙauyensu.

Idan mutuminka bai bar komai ba, bi mutanensa. Su wa suka tsaya wa 'ya'yansa a baftisma? Ba bare ake ɗauka ba, yawanci dangi ne ko 'yan gari ɗaya, kuma sunansu ake sa wa jaririn. Idan wanda ya tsaya masa a 1745 shi ne maƙwabcinsa a taswirar awo, kuma sunansa na kusa da nasa a jerin jirgi, to gano ƙauyen wancan kusan gano naka ne.

Daga can Jamus ma akwai sawu. A yankuna da dama talaka ba ya tashi sai da izinin mai mulkin ƙasar, ya biya kuɗin 'yantar da kansa da harajin fitar da dukiya, sau da yawa kashi goma cikin ɗari. Waɗannan takardu na faɗin suna, ƙauye da shekara. Sai dai masu sulalewa da dare ba sa ciki, kuma suna da yawa.

An samu mai irin sunan a wani ƙauye. Ya isa?

Bai isa ba, kuma a nan yawancin salsalar da ke yawo a intanet ta karkace. Johann Jacob Müller da aka haifa a 1720 ya fi a ƙirga. Kafin a yarda, shekarun haihuwa su dace, sunan mata da na 'ya'yan da aka haifa kafin tafiya su dace, sannan iyalin su ɓace daga littafin cocin daidai shekarar da jirgi ya tashi. Idan ka ga an binne shi a ƙauyen a 1760, ba naka ba ne, komai daɗin labarin.

Ina ake karanta littattafan cocin, kuma mene ne wahalarsu?

Rajistar haihuwa da aure ta gwamnati ba ta game Jamus ba sai 1876, don haka coci ce madogara. Na Furotesta da yawa suna shafin Archion, ana biya. Na Katolika da yawa suna Matricula, kyauta. Shafin FamilySearch ma na da tarin hotunansu. Ƙaramin ƙauye sau da yawa ba shi da cocinsa, sai a nemi garin da yake bi.

Rubutun hannun shi ne Kurrent, inda e ke kama da n, kuma na Katolika da Latin ne, Jacob ya zama Jacobus. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, da mamayar Faransa a Palatinate daga 1688 sun cinye littattafai da yawa, shi ya sa salsala kan tsaya a nan. Mabiya ɗarikun Mennonite da Amish ba sa yi wa jarirai baftisma, don haka ba a samun su ta wannan hanya.

Kwanan wata ma na da tarko. Idan ka ga 7ber, Satumba ake nufi, ba Yuli ba, 8ber Oktoba, Xber Disamba. Furotestan Jamus sun koma sabuwar kalanda a 1700, Ingila da yankunanta sai 1752, saboda haka a tsakanin nan akwai ratar kwana 11.

Gwajin ƙwayoyin gado fa?

Gwajin gama-gari da ake tallatawa ya yi rauni ga kakan da ke baya da zuriya takwas ko tara. Wanda ke bin layin maza, Y-DNA, shi ke da amfani: namiji mai ɗauke da sunan a Amurka da wani mai sunan daga ƙauyen da ake zato su yi gwaji. Idan sun dace, gida ɗaya ne. Amma gwajin ba zai faɗi wanne daga cikin 'yan'uwa uku masu suna Johann ya hau jirgin ba, wannan sai an koma ga sa hannunsa.